Hazza Ce Kawai, In Ji Abu Nayif

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Garba, wanda mutanen unguwar Hindawiyya suka fi sani da Bakur mai walda. Kowace shekara ina barin ranar ta wuce da sadaka da addu'a, ba na ce wa kowa komai. Bana na ɗauki alƙalami saboda a makon jiya wata mata ta zo gidana neman yafiya a madadin mijinta, ina kuma so amsar da na ba ta ta fito fili, kada gobe a ce an ji wani abu dabam.

A Makka aka haife mu, ni da shi, a nan aka haifi mahaifinmu. Kakanmu ne ya zo hajji daga ƙasar Sakkwato bai koma ba. Garba ya koyi walda tun yana saurayi. Mutum ne mai yawan dariya da tsokana. In ya shigo gidana ya tarar na kunna na'urar sanyaya ɗaki na lulluɓa da bargo, sai ya ce, "Yaya, ke fa ko a Aljanna sai kin tambayi inda makunnin yake." Aiki ya yi masa wuya a 'yan shekarun ƙarshe, ga mata ga 'ya'ya, ga Innarmu a hannunsa.

A lokacin ne Sule ya dawo unguwa. Tare muka tashi da Sule, katanga ɗaya ta raba gidansu da namu, ya ci tuwon Inna har ba adadi. Ya yi shekaru a waje yana yi wa wani ɗan kwangila aiki, ya dawo da farar mota da sabon suna, Abu Nayif. Ya ce ana gina tashar wutar nukiliya a bakin teku a wata ƙasa, ana neman masu walda da masu aikin ƙarfe. Ba zan ambaci ƙasar ba, ba zan ambaci kamfanin ba, don ba ni da ƙarfin shari'a da su. Ya zagaya unguwannin Mansur da Utaibiyya ya tara mutane, 'yan nan da 'yan Nijeriya da 'yan Nijar. Da ɗan gari akan ci gari. Da baƙo ne ya zo da maganar, da Inna ba ta bari ba.

Mu 'yan Makka mun san sel, wato ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu. Mun san gobara, mun san cunkoson mahajjata. Amma ni a tsawon rayuwata ban taɓa jin ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata ba. Kalmar zilzal, wato girgizar ƙasa, a wurinmu kalmar makarantar allo ce da wa'azi, kalmar tashin alƙiyama ce. Babu wanda ya faɗa mana cewa ƙasar da za su je tana girgiza lokaci zuwa lokaci, mu ma ba mu san ana tambayar irin wannan ba.

Aikin Garba a cikin rami yake, doguwar hanya a ƙarƙashin ƙasa wadda za ta riƙa jawo ruwan teku zuwa cikin tashar. Ya yi wata da watanni yana buga waya, yana alfahari. Wata rana da hantsi ya kira muna tare da Inna, yana dariya, ya ce yau ƙasa ta yi musu rawa, shayinsa ya zube, wani Bazabarme ya ruga a guje ya bar takalminsa. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce a ba ta Sule.

"Sule, tsakaninka da Allah, zilzal ne?"

"Haba Inna, wane zilzal? Hazza ce kawai. Kamar yadda kike jijjiga jariri ya yi barci. Kullum ana yi a nan, ko kaji ba sa kulawa."

Da kunnena na ji, don wayar a buɗe take. Hazza a Larabcin da muke yi a gida ƙaramin motsi ne, irin na shimfiɗar yaro ko na labule. Inna ta sauke numfashi. Aka mayar wa Garba wayar ta ce masa, "To ka bi maganar yayanka, ka riƙe aikinka." Maganarta ta ƙarshe da shi ke nan.

Sauran labarin daga bakin Illiya na ji shi, wani ɗan Maraɗi da suka yi aiki tare, wanda ya dawo ya zo mana ta'aziyya. Ya ce bayan wannan girgizar bangon ramin ya tsage a wani wuri, ruwa na tsattsafowa. Ma'aikata suka taru a bakin ramin suka ce ba za su sauka ba sai an duba. Manyan wurin ba sa jin Hausa, ba sa jin Larabci, saboda haka suka turo Sule. Ya tsaya ya maimaita musu kalmar da ya faɗa wa Inna, ya ƙara da cewa duk wanda ya tsorata da hazza ya koma gida ya ɗaura zani. Garba ne ya fara ɗaukar kayansa, ya ce in Sule ya ce lafiya, to lafiya ce. Wasu suka bi shi. Sule bai sauka ba. Washegarin ranar da Garba ya kira mu ƙasa ta sake motsi, wannan karon da ƙarfi, teku ya shiga ramin.

Sai da aka kwana biyu kafin a fito da su. Ba a kawo mana gawarsa ba. Iƙamarsa, wato takardar zamansa a nan, ta riga ta mutu tun yana can, Sule kuma ya gabatar da kansa a matsayin ɗan'uwa ya ce a binne shi a wata maƙabartar ƙauye, bai tambayi kowa a cikinmu ba. An ce mutanen wurin Musulmi ne, sun yi masa salla, Allah ya saka musu da alheri. Amma mutumin da kakansa ya tako da ƙafa daga Sakkwato don ya mutu a Makka, shi ne aka kai wani tudu da ba mu san ko sunansa daidai ba. Mun jera kujeru a ƙofar gida, mun zuba gahawa kwana uku, babu kabarin da za mu nuna. Sule ya aiko da saƙo cewa ƙaddara ce. Inna ba ta taɓa musun ƙaddara ba. Abin da take maimaitawa har ta rasu shi ne, "Ni na ce masa ya zauna."

Yanzu ina jin labari cewa an kusa kunna tashar, ina kuma jin ana zancen gina irinta a gaɓar teku nan da can. Ni ba mai ilimin wannan abu ba ce, karatuna bai yi nisa ba. Ɗana ne ya zaunar da ni ya bayyana mini cewa wutar da ke cikinta ba irin ta murhu ba ce da za a janye itace ta mutu. Ko an kashe ta tana ci gaba da zafi, sai an yi ta zuba mata ruwa, shi ya sa ake kai ta bakin teku. Na tambaye shi, to in ƙasa ta karya hanyar ruwan fa, ko tekun da kansa ya hau tudu? Ya ce akwai tanadi iri iri. Na yarda akwai. Amma duk mun gani a talabijin shekarun baya yadda teku ya hau kan irin wannan tasha a ƙasar da ta fi mu ilimi da dukiya, aka kwashe mutane daga garuruwansu. Ramin da ya ci ƙanena shi ne zai shayar da waccan wutar. An ce an gyara shi. Wa ya ce? In wanda ya ce ɗin yana da aiki a wuya da lokaci a gaba, to na san irin kalmar da yake zaɓa.

Da Garba yana raye na san zai yi gardama da ni. Zai ce duniya na son wuta, asibiti na so, makaranta na so, ni kaina ba na iya awa ɗaya babu sanyi. Yana son aikin, yana cewa wata rana zai nuna wa jikokinsa hotonta. Ba na jin zai ce a daina ginawa. Ina jin zai ce kada a ɗora tukunya a kan duwatsun da ke rawa, in kuma an ɗora, kada a yi wa masu tsugune a gefenta ƙarya. Teku ba shi da katanga, iska ba ta neman biza. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Matar da ta zo gidana Hajara ce, matar Sule. Ba ni da komai da ita, na shimfiɗa mata darduma na kawo mata ruwa. Ta ce ciwo ya kwantar da shi, likitoci sun sallame shi ya koma gida, ba ya barci, sunan Bakur yake kira.

"Yaya Zainabu, don girman Ɗakin Allah, samihi, ki yafe masa. Shi ma aike shi aka yi."

"Ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi wa Inna?"

"Ya ce kuskuren harshe ne, ke ma kin san Larabci, hazza da zilzal ai duk ɗaya ne."

"In ɗaya ne, me ya hana shi faɗin ɗayar? Me ya hana shi sauka?"

Ta yi kuka, ta ce ni kaɗai na rage, matar Garba ta riga ta yafe. Na ce mata wannan hakkin matarsa ne, ta yi yadda ta ga dama da shi. Nawa yana nan, na Inna kuma ta bar shi a hannuna, ba ta ce in yar ba. Na san abin da malamai ke cewa game da falalar yafiya, na ji shi tun ina yarinya, ba na jayayya da shi. Amma sun kuma ce wanda aka zalunta ba a tilasta masa. Shekara tara mutumin nan yana wucewa ta ƙofarmu da motarsa, yana ɗaga hannu. Sai da ya ji sanyin kabari ya tuna da hanyar gidana, kuma har yau yana lallaɓa kalmarsa. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ba ni na sake shi ba, ba kuma ni zan kira shi ya dawo ba.

Abin da ya rage na Garba ba shi da yawa. 'Ya'yansa sun girma, babbar tana da dariyarsa. Akwai ƙofofin ƙarfe a Hindawiyya da har yanzu ake cewa aikin Bakur ne. Akwai kuma samari a Mansur da suka ji labarinsa daga bakin Illiya, waɗanda in aka zo ɗaukarsu aiki a waje sukan tambaya ko ƙasar tana motsi, a yi musu dariya, su sake tambaya. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna, ya sa ruwan da ya ci shi ya zame masa shahada.

Wanda bai zauna a Makka ba zai yiwu bai san yadda muke sallar gawa ba. Bayan kowace salla a Harami akan jera mamatan ranar, a yi kira sau ɗaya, dubban mutane su miƙe su nema musu gafara ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Ni kaina na yi wa mutanen da ban san adadinsu ba. Sule zai samu wannan, za a ɗauke shi a kafaɗa a binne shi a ƙasar da ya hana ƙanena. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Da Hajara ta miƙe za ta tafi, na roƙe ta abu ɗaya, na ce in ranar ta zo ta aiko a faɗa mini wace salla ce za a kai shi. Ta ɗauka zuciyata ce ta yi laushi, har ta kama hannuna tana godiya. Na ce mata ba haka ba ne. Ina so in sani ne don in yi tawa sallar a gida, kada in miƙe cikin sahu in nema masa gafara ban sani ba.