Ranar Da Na Je Gwaram Maido Wa Kibod Muryarsa

Har yau ban manta da ranar da na shiga motar Gwaram da buroshin haƙori da kwalbar sifirit a jakata ba. Tunda ku sababbi ne a shagon nan, kuma kullum kuna jin Injiniya yana tambayar masu kawo gyara, "Na Kano za a yi maka ko na Gwaram?", na ga ya kamata in rubuta muku asalin maganar, don kada ku riƙa dariya ba ku san abin da kuke wa dariya ba.

Ni dai shara aka ɗauke ni in riƙa yi a shagon Injiniya Auwalu, nan Birnin Kudu, bayan na gama ajin yaƙi da jahilci. Da ya ga ina gane haruffa, kuma ba ni da gaggawa, sai ya ɗora ni a kan tsofaffin kibod. Su ba irin na yanzu ba ne marasa nauyi. Wani idan kika ɗauka sai ki ji kamar jariri kika ɗauka. Kowane maɓalli da ɗan sifirin ɗinsa na ƙarfe mai lotsawa a ƙasa, idan aka danna sai ya ce ƙwas. Injiniya yana sayo su idan ofisoshi sun yi gwanjon tsofaffin kaya, mu gyara, a aika Kano, inda samari suke rububinsu.

Ga yadda aikin yake. Da farko ki ɗauki hotonsa da waya, domin haruffan ba a jere suke kamar yadda aka koya mana a aji ba. Sai ki cire maɓallan, ki jiƙa su a ruwan ɗumi da garin sabulu, ki bi su da buroshi ɗaya bayan ɗaya, ki shanya a faifai a inuwa, inda kaji ba sa zuwa. Cikinsa kuma auduga da sifirit. Wannan shi ne gyara. Amma 'yan Kano suna son ƙari: a shafa giris da bakin tsinke, a sa 'yan zoben roba a ƙarƙashin kowane maɓalli, a shimfiɗa soso a cikin akwatin. Idan an gama, kibod ɗin da a da yake ƙara kamar ruwan sama a kan kwano sai ya koma kamar ruwan sama a kan soron ƙasa. Shi muke kira aikin Kano.

Wajen ƙarshen damina wani dattijo ya shigo da kibod naɗe a cikin tawul. Malam Sabo ne, tsohon mai buga takardu a sakatariyar Gwaram. Da ya yi ritaya sai ya kafa tebur a rumfa kusa da kasuwa, da kwamfuta da firinta da batirin sola, yana rubuta wa mutanen ƙauye takardun koke da na yarjejeniyar gona. Dogon maɓallin nan na ƙasa mai raba kalmomi ne ya maƙale. Da na ɓalle shi, ɓawon gyaɗa na tarar da guntayen goro.

Na ce, "Baba, har da shi kuke ci ne?"

Ya ce, "'Yata, abokin aiki ai ba a hana shi."

Da aikin ya tsaya nan da babu labari. Sai dai idonsa ya kai kan wani kibod da na gama, yana ƙyalli, Injiniya yana sa shi a kwali. Ya tambayi na waye. Injiniya ya ce na mutanen Kano ne, aiki na musamman aka yi masa.

Malam Sabo ya gyara zaman hularsa. "To mu mutanen Gwaram fa, ba mutane ba ne? Duk abin da ake yi wa na Kano a yi wa nawa."

"Baba, bari in yi maka bayanin abin da ake..."

"Auwalu, ina buga takarda tun ba a yaye ka ba. Yi aikinka."

Muka yi aikinmu. Gaskiya ban taɓa zuba hannu a kibod kamar wannan ba. Da na gama Injiniya ya danna, ya kasa kunne, bai ji komai ba, ya ce, "Maman Sadiya, wannan ko Legas aka kai shi ba zai ji kunya ba." Muka ba direban Gwaram ya kai masa.

Ba a daɗe ba sai ga waya. Injiniya ya sa a lasifika don hannunsa na cikin aiki, duk muna ji.

"Auwalu, me na yi maka?"

"Lafiya, Baba? Ba ya rubutu ne?"

"Yana rubutu. Magana ce ba ya yi. Kun kashe mini shi, kun yi masa wanka, kun aiko mini da gawa."

Malam Sabo ya ce gobe kasuwa, kuma idan goben ta wuce a haka to shi ya tashi daga aiki. Injiniya yana da aikin wata makaranta a hannu, sai ya ce ni in je. Na nemi izinin maigidana, ya ce, "Yanzu har Gwaram za ki saboda abu ya daina damun mutane da ƙara?" Na ce ni ma haka aka ce mini.

Washegari da na isa, ban sha wahalar gane rumfarsa ba, domin ita ce bencinta babu kowa. A ɗaya ɓangaren titi kuwa benci ya cika har wasu na tsugune. Nan Malam Isa yake, wanda suka yi aiki ofis ɗaya da Malam Sabo, suka yi ritaya tare, ba su kuma taɓa yarda ɗaya ya fi ɗaya ba. Shi tsohuwar tafireta yake bugawa, ana jin ta har tasha.

Malam Sabo ya zaunar da ni, ya yi ƙasa da murya. Ya ce mafi yawan masu zuwa wurinsa ba sa karatun boko. Mutum zai zauna a benci ya faɗi damuwarsa, ba ya iya duba abin da aka rubuta, sai dai ya saurara. Idan ya ji ƙwas-ƙwas ya yi yawa, ya san maganarsa tana shiga. Idan ya zo wurin da ransa ya ɓaci, Malam sai ya ƙara ƙarfin hannu, shi kuma ya gyaɗa kai.

"Yanzu kuwa mutum yana ta bayani yana ganin kamar shafa abin kawai nake yi. Na gwada yin ƙarar da baki, 'yata. Wata mata daga Sara ta kama ni. Yanzu yara idan sun wuce sai su ce mini ƙwas-ƙwas."

Na riƙe dariyata da ƙyar, don na ga idonsa ba na wasa ba ne.

Muna cikin haka sai wani dogon mutum ya iso da sanda a kafaɗa. Hardo Buba ne, daga wajen Zandam. Malam ya raɗa mini cewa duk mutanen rugagen can, inda Hardo ya zauna nan suke zama. Idan ya tsallaka titi, sun tsallaka ke nan. Famfon da suke shayar da shanu ne ya lalace, yana son takarda zuwa ƙaramar hukuma.

Bayan gaisuwa Hardo ya ce, "Malam, mun daɗe tare, ba na son in ci amanarka. Amma takardar da ba ta yi ƙara a nan ba, a ofis ne za ta yi ƙara? Shanu ƙishirwa suke ji."

Malam ya nuna ni. "Ga likitar kibod ɗin nan ta zo daga Birnin Kudu. Ka ba mu zuwa azahar."

Hardo ya dube ni, ya dubi buroshin haƙorin da ke hannuna, ya ce zai tsaya. Amma bai zauna ba.

Na ari tiren silba wurin mai shayin da ke gefe don in zuba 'yan kusoshi kada su ɓace a ƙasa. Na buɗe kibod, na zare soso, na bi maɓallai ina cire zoben roba, ina goge giris da auduga. Mutane suka taru a kaina. Wata tsohuwa ta ga soson ta ce, "Ashe toshe masa baki aka yi." Na gama na haɗa, na ɗora shi a tebur, Malam ya danna.

Muryar ta dawo, amma ba duka ba. Giris idan ya shige lungu ba ya fita a yini ɗaya. Ƙarar ta fito kamar ta mai mura.

Daga can ƙetare Malam Isa ya ɗaga murya. "Sabo, a ba shi citta da kanumfari mana." Ya ja tafiretarsa har ƙararrawar ta buga.

Hardo ya girgiza kai, ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ya sauka daga rumfa ya nufi titi.

Ni kuma ina tattara kaya, hannuna ya ture kwalbar sifirit ta zube a tebur. Don kada ta shiga cikin kibod sai na yi maza na kife tiren mai shayi na ɗora shi a kai, na shiga goge tebur. Malam Sabo yana kallon bayan Hardo. Don takaici ya kai wa dogon maɓallin nan duka.

Wata akuya da ke kwance a gindin rumfa ta tashi da gudu. Hardo ya tsaya a tsakiyar titi, har mai babur ya yi masa hon.

Malam ya dubi kibod, ya dube ni, ya sa yatsunsa duka. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kamar ana zuba ƙanƙara a kan kwano. Tafiretar Malam Isa ba a ma jin ta.

Hardo ya dawo ya zauna a benci, ya ajiye sandarsa. Ya ce, "To. Rubuta. Ka ce musu ni Buba ina gaisuwa."

Ya yi ta faɗa Malam yana bugawa. Da aka zo kan maganar shanu, sai da tiren ya matsa daga wurinsa. Mai shayi ya zo karɓar kayansa, Hardo ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ɗan'uwa, yau a kawo shayi a hannu." Kafin la'asar benci ya cika. Malam Isa ya aiko a tambaye ni ko tire yana shiga ƙarƙashin tafireta. Malam Sabo ya ce a faɗa masa likita ta tashi.

Da na dawo na ba Injiniya labari, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Tun daga ranar aikinmu ya kasu biyu: mai son shiru a yi masa na Kano, mai son a ji shi a yi masa na Gwaram. Malam Sabo ya saya wa mai shayi sabon tire, tsohon kuma har yau yana nan ƙarƙashin kibod, an ma ɗaure shi da roba.

Abin da na koya shi ne, mu a nan muna duba abu mu ce ga aibinsa, alhali can inda ya fito, da aibin ake cin abinci. Mai kaya ma wani lokaci bai san abin da yake so ba, ya dai ji an ce Kano. Don haka idan aka kawo muku kibod, kafin ku jiƙa ko maɓalli ɗaya, ku zaunar da mai shi ku tambaye shi da ladabi inda yake aiki da shi, da kuma su waye suke zama a bencinsa suna saurare.