Burodin Mama Bridget da Ƙarfin Hannuna

Ba na mantawa da ranar da tsohuwa ta kore ni daga gaban kwaɓi. Lokacin ina mataimakin kuku a wani gidan kula da tsofaffi a garin Dagenham na ƙasar Turawa, ina ta cika baki cewa na yi shekaru a gidan burodi a Jos.

Muna da wata tsohuwa, Mama Bridget, 'yar wani ƙauye a ƙasar Ireland. Ta daina cin abinci, magana ma ta kusa dainawa. A ƙa'idar aikin, wanda ya ci gaba da ramewa asibiti ake tura shi. Manaja ta kira ni ta ce, "Ishaku, 'yarta ta ce burodin gidansu take ambato. Za ka iya?"

Na ce, "Madam, burodi ai gidana ne."

Aka turo Mama Bridget a keken guragu zuwa ɗakin cin abinci ta kalla. Burodin nasu ba ya son yis: fulawa ce, gishiri, nono mai tsami, da soda, wani farin gari mai aiki kamar kanwa. Na haɗa, na naɗe hannun riga, na shiga dukan kwaɓin yadda muke yi a Jos. Abin da ya fito daga oven ɗin gashi, da na jefi kare da shi sai an kira 'yan sanda.

Mama Bridget ta ƙwanƙwasa shi da cokali, ta ɗago kai ta ce, "Me fulawar ta yi maka?"

Sai magana ta ɓalle mata. Ta ce mahaifiyarta da yatsu kawai take haɗa kwaɓin, ta tsaga gicciye a kansa, ta sa a tukunyar ƙarfe, ta zuba garwashi bisa murfin. Kullum ake yi, don kanti ya yi musu nisa.

Ta ce, "Matsa." Na matsa. Ni mai shekaru a gidan burodi na koma mai riƙe kwano, ta kuma ce kwanon ma na karkata shi.

Da burodin da ta haɗa ya gasu, ta ci yanka biyu da man shanu, ba a kai ta asibiti ba.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata: tsofaffin nan sun gaji da a yi musu komai. Ku tambaye su abin da suka iya, ku bari su gyara muku kuskure.