Murjanin da aka bar mini amana

Tun da wuri in faɗa, ni ne wawan labarin nan, kada wani ya riga ni.

Babban ɗana ya ajiye teku a falonsa na Takur: akwatin gilashi, ruwan gishiri, 'yan kifaye, da murjani mai rai. Ni murjanin da na sani na wuyan mata ne. Wannan kuwa wai girma yake, sai an riƙa auna masa kalsiyam, sinadarin da yake gina ƙashinsa da shi. Da aiki ya kai yaron Ikko, sai ya bar mini amanar, da kayan awo iri biyu: na'ura mai tsinke da ake tsomawa ta nuna lamba, da wasu kwalabe da ake ɗigawa har ruwan ya juya daga ja-ja zuwa shuɗi.

Na zaɓi na'ura. Mutumin da ya kai aji huɗu a firamaren Taura ba zai zauna ɗige-ɗige kamar mai lalle ba. Gaskiyar kuwa, idona ya daina raba ja da shuɗi.

Hajiya, uwar yaron, ita ta ɗauki kwalaben don ta rage zaman banza. Kullum takan ce nata awon lafiya lau. Na'ura ta ce sinadari ya yi ƙasa. Na bi na'ura, na yi ta ƙarawa. Na gaji da hawa babur zuwa gidan nan, gwiwa na ciwo, ga murjani sai fari yake yi, ruwa ya yi kamar ruwan kamu.

Ranar da ɓari guda na murjanin ya mutu na kira yaron. Ya tambayi inda nake ajiye tsinken. Na ba shi amsa da alfahari: in goge shi tas, in shanya a rana, in naɗe a tsumma, don kowa ya san kayan lantarki ba sa shiri da laima. Sai ya warware mini. Ashe bakin tsinken ba a barinsa ya bushe, in ya bushe ƙarya yake zubawa.

"Baba, ka huta haka nan. Ba wa Umma makullin gidan."

Na miƙa mata ina gunaguni, wai laifin masu ƙera na'urar ne.

Ta ce, "Alhaji, su suka ce ka shanya ta kamar kuɓewa?"