Motar Suruki

Shekarar da na gama sakandare kakata Iya ta samu kujerar Makka. Jirgi daga Kano zai tashi, mu kuwa muna Kurfi. Yayana da ke ɗaukar kaya a filin jirgin ya zo takanas ya ce a kai ta Dutsin-Ma, a sa ta a motar haya mai wucewa Kano kai tsaye. Ya ce su ma'aikata ma ba sa hawan motar da ba za su iya yi wa direbanta tsawa ba.

Sai ga Alhaji, mijin gwaggona, mai babbar motar ɗaukar gyaɗa. "Ina da mota, Iya ta hau ta haya? Me za a ce da ni a garin nan?"

Na juya ga mahaifina na ce, "Baba, motar suruki fa ce. In ya tsaya, wa zai ce masa mu tafi?"

"Rufe mana baki! Bokonki ne zai koya mana zumunci?"

Aka hau. A Birchi ya tsaya kwasar 'yan rakiya. A Charanci ya ga kasuwa na ci, ya sauka cinikin fata. A Kankiya ya shige gidan amininsa, har da jiran tuwo! Iya na gidan gaba, ta ja mayafi ta rufe fuska, tana jan carbi. Surukinta ne, ko kallonsa ba ta yi, balle ta ce ya yi sauri. Baba ya sunkuyar da kai. Da Alhaji ya fito, na leƙo daga bodin motar na ce, "Alhaji, jirgi fa!"

Ya yi dariya. "'Yar boko, wanda Allah ya kira ba ya makara."

Muka iske yayana, da ya riga mu komawa Kano, a bakin ƙofar filin jirgi, idonsa jajir. Jirginsu Iya ya tashi, shi ne kuma na ƙarshe a shekarar. Iya kuwa sai tambaya ta yi ina za ta yi alwala.

Kafin wata shekara ta zagayo ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Ba ta je ba.

Abin da har yau ke ci mini rai, da muka dawo Kurfi Baba ya tasa mu gaba zuwa gidan Alhaji, ya ce mu durƙusa mu yi masa godiyar ɗawainiya. Na durƙusa. Bakina dai ban buɗe ba.