Ƙotar Bindigar Kawu Abarshi

Ni kaɗai na lura Kawu Abarshi ya koma ɗaukar buta da hannun hagu.

Shekara talatin yana harbi a dajin Kuyello, kuma shi manoma ke kira idan birai sun dami masara. Bindigarsa ƙirar maƙera ce, da gangan ya sa aka yi mata ƙota mai kauri. Yakan ce bindiga marar nauyi daɗin ɗauka ne da ita, amma idan ta tashi sai ta doki mai ita, bakinta ya yi sama.

Da zazzaɓi ya kwantar da shi, ɗansa Bilyaminu ya kai ta wurin masassaƙi aka rage ƙotar, wai don ya sauƙaƙa wa tsoho. Ko tambayarsa bai yi ba. Kawu ya warke ya fita, ya yi kuskure sau uku, ya dawo da kafaɗa a kumbure. Nan da nan aka ce idonsa ya tafi, manoma suka fara neman wani maharbin.

Ba ni da yawan magana, amma na kasa haƙuri.

"Yaya Bilyaminu, kai ka ɓata bindigar, kana ji ana cewa Kawu ya tsufa ka yi shiru?"

"Malama, a jami'a aka koya miki harbi? Taimakonsa na yi."

Kawu ya ɗauko bindigar a gabanmu. Ya huda ƙotar, ya narka dalma ya zuba, ya jinjina bindigar a hannu, sannan ya rataya ta ya nufi gona.