Baƙin Gem Na Saya wa Yayana

Shekarun baya, can cikin shekarun casa'in, lokacin muna zaune a Unguwar Kanawa, yayana ya yi hatsarin mashin ya karye a cinya. Amininsa ne ke tuƙi, shi yana baya. Aminin ko ƙwarzane bai yi ba. Yayana kuwa ɗauko shi aka yi sai gida, maɗori ya zo ya ɗaure ƙafar da kara, ya ce kada ta kuskura ta motsa sai ya ba da izini.

Yayan nawa ɗan ƙwallo ne, kuma mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. In yana gida, tun daga bakin layi za ka sani. Da farko ɗakinmu ba masaka tsinke, 'yan dubiya na shiga suna fita, lemo da ayaba har sai da muka riƙa rabawa maƙwabta. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma harkarsa. Shi kuwa aminin, ranar da abin ya faru ya zo ya tsaya a zaure, ya kasa shigowa, daga nan bai sake tako gidan ba. Yayana bai taɓa ambaton sunansa ba, amma na lura duk sallamar da aka yi a zaure sai ya ɗaga kai ya saurara.

Daga baya ma ya daina ɗagawa. Ya juya fuska bango, magana sai "e" da "a'a", abinci kuwa yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Wata rana mahaifiyata ta tare ni a bakin kicin ta ce, "Ni fa ba ƙafar nan ce ke hana ni sukuni ba, ƙafa za ta ɗoru in Allah ya yarda. Shirun nan nasa ne ke ba ni tsoro." Ni ma tsoron nake ji, sai dai ni tsoro taurin kai yake zame mini. Na ƙudura a raina sai na dawo da hayaniya ɗakin nan ko ta halin ƙaƙa.

Lokacin ban daɗe da fara aikin ƙaramin akawu a wata ma'aikata ba. Muna da tsohon talabijin a ɗaki, wanda mahaifinmu ya sauke mana da ya sayi sabo. Sai na ce gem zan saya, irin wanda ake jonawa a bayan talabijin. Da na faɗa wa mahaifina, ya sauke jaridarsa ya dube ni ta saman tabarau.

"Abin da za ka yi da guminka ke nan? Kayan wasan yara?"

Na ce, "Baba, magani ne."

Ya ce, "To, likita. Allah ya ba da sa'a." Ya koma karatunsa.

Gem iri biyu ne ake yayi a lokacin, kuma mu ba ruwanmu da sunan kamfani: akwai baƙi, akwai mai ruwan toka. Kowanne da kaset ɗinsa, na wannan ba ya shiga wancan, kuma kowanne da magoya bayansa da za su iya raba hali da kai a kansa. Wani abokina da ke Abakpa baƙi gare shi. Ɗan kawuna na Rigasa mai toka gare shi, tsarabar da babansa ya kawo masa daga tafiya. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi, ko takalmi ba na saya sai na gajiyar da mai shago. Sai na mayar da abin aiki.

Asabar in hau bas zuwa Rigasa, Lahadi in taka zuwa Abakpa. Na zauna gaban mai toka na ga launi ya fito shar, sautinsa da daɗi, abin riƙewar, wanda muke kira hannu, maɓallai har a kafaɗunsa. Ɗan kawuna ya ce, "Ka gani ko? Wancan na Abakpa ai ihu ne kawai." Na koma gaban baƙi na ga ya fi sauri, amma sautinsa kamar ana buga gwangwani, hannunsa kuma wani ƙato mai siffar ƙodar saniya. Abokina ya ce, "Rabu da 'yan Rigasa, nasu na yara ne. Wannan shi ne na maza." Har igiyar shanyar mahaifiyata na kwance na je na auna tsawon wayar hannun kowanne, don in tabbata za ta kai daga talabijin zuwa gadon mai karaya. A babbar kasuwa kuwa, na yi ta zarya shagon wani mai kayan lantarki ina juya kwalaye, har ya gaji ya ce, "Malam, aure za ka yi ne ko gem za ka saya?"

Bayan duk wannan wahala na yanke hukunci: mai toka ya fi. Na je Abakpa in faɗa wa abokina don kada ya ji a bakin wani.

Ina zaune ban kai ga buɗe baki ba, sai ga wani saurayi ya yi sallama da kaset a aljihu, ya zo musaya. Kaset na da tsada, saboda haka ba mai tara su da yawa, musaya ake yi. Kuma akwai ƙa'idar da kowa ya sani: ba a aiko da kaset, ba a karɓarsa a hanya. Mai shi ne zai kawo da ƙafarsa, a saka a gabansa, a ga ya kama, don kada gobe a ce wane ne ya lalata. To in ya kama kuma, wa zai tashi bai buga ko zagaye ɗaya ba? Saurayin nan da ya ce sauri yake yi, sai da aka kira la'asar yana nan. Na sha ganin haka, amma ranar ce na fara kallonsa da idon basira.

Na tambayi abokina, "Su wa ke da baƙi a wajenmu?" Ya lissafo mini samari, kusan duk abokan ƙwallon yayana ne. Mai toka fa? Ya yi dariya ya ce sai dai in riƙa zuwa Rigasa. Na ce, "Kaset na ƙwallo fa, wa ke da shi?" Ya ce, "Wanda na sani a nan kusa yana hannun aminin yayanka."

Washegari na sayo baƙi. Ɗan kawuna da ya ji, ya ce in biya shi shinkafar da na ci a gidansu.

Yayana ya dubi kwalin ya ce, "Ka ɓata kuɗinka." Ya ɗan taɓa kaset ɗin tseren motar da gem ɗin ya zo da shi, ya ajiye, ya koma bangonsa. Raina ya sosu, amma ban tsaya ba. Na zari kaset ɗin tseren na nufi gidan su aminin, na ce musaya na zo yi da na ƙwallo. Ya shiga ya ɗauko ya miƙo mini, idonsa a ƙasa.

"Ɗauka, na bar maka ma gaba ɗaya."

Na ce, "A'a Yaya, ka san ƙa'ida. Sai an gwada a gabanka."

"Na yarda da kai."

"Ni ne ban yarda da kaset ɗin ba."

Ya gane inda na dosa. Ya jingina da bango ya ce, "Don Allah ka ƙyale ni. Da wane ido zan kalle shi?"

Na ce, "Ba shi za ka kalla ba, talabijin za ka kalla."

Ranar bai biyo ni ba. Na ajiye masa kaset ɗinsa na tafi. Na dawo, na sake dawowa, har mahaifiyarsa ta fara zuba mini abinci in na zo. Wata Asabar bayan azahar dai ya gaji da ni, ya saka takalmi.

Da ya yi sallama a ƙofar ɗakinmu, yayana ya amsa ciki-ciki, bai juyo ba. Aminin ya durƙusa gaban talabijin ya cusa kaset, ya ƙi kamawa. Ya zare, ya hure shi, ya goga a riga, ya mayar. Sai ga koren fili ya bayyana. Na ɗora hannun gem ɗaya a ƙirjin yayana, na danƙa wa aminin ɗayan, na ce Mama na kirana. Ba ta kira ni ba, bayan labule na tsaya.

An daɗe ba abin da nake ji sai ƙarar gwangwanin nan da na raina. Can sai na ji muryar da muka yi wata da watanni ba mu ji ba.

"Kai! Wannan ai ƙeta ce, ta baya ka shigo mini! Ƙafa ɗaya da ka karya ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da ta cikin talabijin?"

Na leƙa ta gefen labule. Sai yayana ya fashe da dariya. Aminin ya so ya taya shi, dariyar ta juye masa kuka, yana cewa, "Ka yafe mini, don Allah ka yafe mini." Yayana ya ce, "Malam, ɗauki hannunka, ana cin ka."

Na juyo na ga mahaifiyata tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu, tana goge ido da gefen zane. Ta ce, "Je ka sayo mini nama. Yau za a ci abinci a gidan nan."

Daga ranar masu musaya suka gano hanyar gidanmu, kowa da kaset a aljihu da "sauri nake yi" a baki. Hayaniyar ta kai har mahaifina ya riƙa leƙowa yana cewa, "Likita, a rage maganin nan, ana jin labarai."

Abin da ya zauna mini a rai tun daga lokacin shi ne, mutane da yawa da muke cewa sun guje mu, kunya ce ta ɗaure su, kuma suna nan suna jiran ɗan dalilin da zai ba su damar yin sallama. Yanzu in na ga biyu sun yi nisa da juna, ba na tsayawa dogon wa'azi, dalilin nake nema musu.

Yayana ya warke, amma bai koma fili ba, har yau yana ɗan ɗingishi. Aminin nasa shi ya yi masa babban aboki ranar aurensa. Duk sanda zancen gem ya taso, sai yayan nawa ya ce ai mai tokar ya fi, ni ne ban iya zaɓe ba. Gaskiyarsa ne, mai tokar ya fi, ni na auna da igiya. Amma da za a mayar da ni shagon nan yau, baƙin zan sake nunawa.