Alkawarin Yaya a Bakin Ruwan Zafi

Yayata mai wanki ce. Shekara goma sha tara ta yi tana wankin kayan mutane a bakin ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutse a bayan unguwarmu. Ruwan nan ba wasa ba ne, in ka tsoma hannu a idonsa sai ka cire babu shiri. Mata takwas ne ke wanki a wurin, kowacce da dutsenta, ba su taɓa hura wuta don ɗumama ruwa ba. Dutsen da ke kusa da na Yaya na aminiyarta ne, wadda ake kira Mai Bula saboda hannunta kullum shuɗi. Su biyun nan, in ka ga ɗaya to ɗayar tana bayan kwana.

Ni tela ce, ƙanwarta, kuma ni ce mai bakin gidan. Yaya ba ta da yawan magana. Shi ya sa in ta faɗi abu matan nan ba sa neman shaida, kuma wannan yardar ita ce duk abin da ta tara a duniya.

Abin da ya dame mu a lokacin shi ne tsohuwar tashar wutar da ke tsallaken titi, mai shan baƙin mai. Injinanta uku suna ruri, hayaƙi yana sauka a kan rufi da tukwane da fararen zannuwan da aka shanya. Sau nawa Yaya ta sake ɗauraye kayan da ta riga ta gama! Mijinta kuwa a cikin tashar yake aiki, shi ke goge injin yana zuba masa mai. Ya samo tarin da in ya fara sai ya dafa bango. Likita ya ce huhunsa ya gaji, ya nisanci hayaƙi. Ya nisanta ya je ina? Tagar ɗakinsu ma tashar take kallo.

Ana nan sai ga wani kamfani ya zo da injiniya, matashi mai hular kwano, ya tara mutane a farfajiyar makaranta. Ya ce zafin da ke dafa ruwan wankinmu yana nan jibge a can ƙarƙashin ƙasa. In aka haƙa rijiya mai zurfi, tururi zai fito ya juya inji ya ba da wuta, ba mai, ba hayaƙi, sai a rufe tsohuwar tasha. Amma sai mutanen unguwa sun sa hannu, musamman masu amfani da ruwan.

Yaya da ba ta magana a taro ta miƙe. Ta ce, "Ɗan nan, ruwan wankinmu fa? Zai taɓu?"

Ya ce, "Mama, ruwan da muka ɗebo muna mayar da shi ƙasa ta wata rijiyar. Bisa lissafinmu, da wuya ya taɓu."

"Da wuya" ya ce, da kunnena na ji. Amma Yaya tari take ji a kunnenta, ba maganar injiniya ba. Da matan suka noƙe, ita ta karɓi takardar ta bi su gida gida. Wata ta ce mijinta bai yarda ba, Yaya ta koma sau uku. Mai Bula ce ta fi taurin kai. Ta ce, "Ƙawa, ni ban san turancinsu ba, ke na sani. Ki faɗa min gaskiya, ruwan nan zai tsaya?" Yaya ta dafa ƙirji ta ce, "Zai tsaya. In ya taɓu ki kama ni." Nan take Mai Bula ta dangwala yatsa, sauran suka bi.

A hanyar gida na ce, "Yaya, mutumin nan fa bai ce tabbas ba." Ta ce in rufe mata baki, keken ɗinki na sani. Na rufe, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Shekara biyu suna haƙa. Ranar da aka kashe injinan tsohuwar tasha, unguwa ta yi tsit har muka riƙa jin kukan tsuntsaye. Gaskiya dai gaskiya ce, wutar nan ta yi. Ba ta ɗaukewa, kekena yana aiki har yamma, farin zane yana bushewa fari. Mijin Yaya bai warke ba, amma ya koma yana tafiya masallaci ba tare da ya huta a hanya ba. Yaya ta yi ƙiba, har waƙa na ji tana yi a bakin baho.

Ana wata ga wata. Wata na bakwai da kunna sabuwar tasha, ruwan wankin ya fara sanyi. Da farko suka ce yanayi ne. Sai ya koma ɗumi-ɗumi, maiƙo ba ya fita daga rigunan makanikai, sabulu yana ƙarewa a banza. Kafin shekara ta zagayo, idon ruwan ya zama ɗan tsiyaya mai sanyi. Matan da ba su taɓa sayen gawayi ba suka koma hura wuta a bakin dutse, suna dafa ruwa a garwa, hayaƙi yana shiga idonsu. Kai, duniya! An kori hayaƙi daga unguwa, ya dawo ya zauna a kan masu wanki. Biyu daga cikinsu suka bar sana'ar. Hannun Mai Bula ya tsattsage saboda ruwan sanyi.

Ba wadda ta zagi Yaya, da ma sun zage ta da ya fi sauƙi. Gaisuwa kawai suka rage. In ta iso hira ta mutu. Wata ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Wasu dai mazansu sun samu lafiya." Yaya ta dawo gida ta zauna a bakin gado da rigarta jiƙe, ta ce min, "Ƙanwata, na sayar da ruwan mutane na sayi numfashin mijina." Na ce ba haka ba ne, unguwa duka ta amfana. Ta ce, "Na ji abin da yaron ya faɗa. Ni na ƙara masa gishiri." Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ba ƙarya ta yi ba.

Daga nan ta mayar da ofishin kamfanin gidanta. Kullum da hantsi tana kan bencin ƙofa da baho a gefe. Masu gadi suka gaji da korarta. Injiniyan, Allah ya sani, bai ɓuya ba. Ya fito ya ce lissafinsu ya kuskure, ruwan ƙasa ya bi wata hanya, kuma ba zai yi mata alkawarin dawowarsa ba. Ta ce, "Alkawari ai ni na yi, ɗan nan. Kai dai nemo mana ruwan zafi." Wata goma tana wannan zirga-zirga, har ƙafarta ta kumbura. A ƙarshe suka yarda su ɗumama ruwan famfo da zafin da ya rage a sabuwar tashar, suka ja bututu zuwa wurin wankin, suka gina dakali da famfo shida.

Ranar da aka buɗe na rufe shago na bi ta. Ruwa ya zo da zafinsa, tururi yana tashi, mata suna guɗa. Ba wadda ta dubi inda Yaya take. Ta kama famfon ƙarshe ta fara wanke wani ƙaton bargo na asibiti. Shi bargo in ya sha ruwa mutum ɗaya ba ya iya matse shi, sai biyu, kowa ya kama baki guda a murɗa. Yaya ta ɗago bakinsa ta tsaya, ruwa yana zuba a ƙafarta. Ta daɗe a tsaye. Na fara naɗe hannun riga, ta girgiza min kai.

Can sai Mai Bula ta ajiye sabulunta ta taho. Ta kama ɗaya bakin da tsagaggun hannayenta, suka murɗa, suka sake murɗawa, har ya daina ɗiga. Yaya ta ce, "Ƙawa..."

Mai Bula ta ce, "Bargon marasa lafiya ne, shi ya sa. Ruwa kin dawo da shi, mun gode. Amma in kika ce min gari ya waye, sai na leƙa waje."

Ta koma wurin famfonta. Yaya ta ɗauki bargon ita kaɗai ta nufi igiya, ni kuma na bi ta da baho.